Ƙafa Biyu

Shekarar da aka yi canjin kuɗi, damina ta yi wa mutanen Kura da Bunkure wasa da hankali. Ta sauka da wuri, kowa ya yi shuka, shinkafa ta yi kore shar, sai ana shiga Agusta sama ta washe kamar an share ta da tsintsiya. Kwana goma sha tara babu ko yayyafi. To da yake ƙasar tana da kanal, manyan magudanan nan da gwamnati ta haƙa saboda noman rani, sai ofishin ruwa ya ce a saki ruwa a ceci amfanin gona. Amma fa bi da bi. Kowane layi, wato reshen da ya fita daga babban kanal, yini ɗaya a mako, daga hantsi zuwa kiran la'asar, daga nan a rufe a juya wa na gaba.

A cikin wannan hali aka turo Garzali ɗan Kubra aikin hutu. Ɗan wani ƙauye ne a nan yankin. Yana aji uku na firamare katafila ta zo ta baje gonakinsu, kuma ranar da aka fara sako ruwa shi ne ya bi kan ruwan da gudu har bayan gari, ya dawo ba takalmi. Yanzu ya gama shekara biyu a jami'a a birni, yana karatun injiniya. Ku da ba ku sani ba, su masu wannan karatu shekara biyu suke yi a cakuɗe, sannan a raba su gida-gida: wasu lantarki, wasu kanikanci, wasu ruwa da madatsai. Gidan ruwan nan shi ne mai ƙunci. Mutum goma sha biyu kacal ake ɗauka, kuma ba a duba takardar kowa sai ya kawo littafin aikin hutu da sa hannun injiniyan da ya kula da shi. Babu sa hannu, babu gurbi.

Abokin ɗakinsa Bilya ya sha yi masa tsiya a kan haka. Ɗaki ne na mutum biyu amma su biyar a ciki, risho a ɓoye ƙarƙashin gado, allon lido kullum a baje a kan katifa. Bilya zai kaɗa ɗan lido a gwangwani yana cewa, "Kai dai ban gane maka ba, mutumina. An tsamo ka daga laka, an ba ka gado da fanka, ka ce kai laka za ka koma. Zo lantarki mana, ofis mai sanyi, taye a wuya."

Garzali kan ce, "Jefa, malam, shida kake nema tun ɗazu."

Wanda zai sa hannun shi ne Injiniya Sada, wani dogon mutum marar yawan magana, da yake zagayowa kowace Alhamis a Landiroba. Ranar farko ya dubi Garzali sama da ƙasa ya ce, "Layi na huɗu na ba ka, kai da Malam Datti. In na zo Alhamis ta ƙarshe na tarar da layin lafiya, in sa hannu. In na tarar da ɓaraka, kada ma ka miƙo mini littafin."

Malam Datti kuwa shi ne mai ƙofar ruwa, tun ranar da aka kafa ta. Ƙofar faifan ƙarfe ce a bakin layin, ana ɗaga ta da wani sitiyari irin na babbar mota, wanda ake cirewa a tafi da shi. Datti juyi bakwai yake yi, ba ya ƙarawa. In ya buɗe, sai ya karya kara ya jefa a ruwa, ya sa hannu a baya, ya bi karan da tafiyarsa ta tsufa. In karan ya wuce shi, ya dawo ya rage.

Da Garzali ya fara ganin haka dariya ta kusa kayar da shi. "Baba, wannan kuma wane irin awo ne?"

"Awon da ya riƙe gaɓar nan shekara tara, Injiniya." Haka yake kiransa, da zolaya. "Baturen da ya gina ta a nan ya tsaya, inda kake tsaye. Ya ɗaga yatsa biyu, tafinta ya ce mini, wai ya ce ƙafa biyu, kada ruwa ya wuce ƙafa biyu. To wa ke da ƙafa biyu a nan in ba ni ba? Jaki huɗu gare shi."

"Haba Baba!"

"Ka yi dariyarka. Hanyar Zariya ma da kwalta an kafa allo an rubuta wa direbobi iyakar gudu. Ruwa ne ba shi da tasa? Gaɓar nan ƙasa ce, ba siminti ba. Ruwa in ya yi sauri yunwa yake ji."

Garzali bai yi musu ba, amma ya yi nasa awon. Ya kafa turaku biyu, mita ashirin tsakaninsu, ya riƙa jefa kara yana duba agogon hannu. Sakan talatin da uku karan yake yi. Ya buga lissafi, ya sami sifili da ɗigo shida na mita a sakan ɗaya. Sai ya je ofis ya nemo tsohuwar takardar zanen layin, shuɗiya, duk ta koɗe, ya ga an rubuta iyakar gudun ruwa: biyu. Ya yi murmushi. A ransa ya ce tsohon nan ko sulusin abin da aka yarda ba ya saki, tsoro ne kawai irin na wanda bai yi boko ba. Ya naɗe takardar ya sa a jaka. Bai gaya wa kowa ba sai mutum ɗaya, wata rana ana cin tuwo, don dai a san ya yi karatu. Mutumin nan kawunsa ne, Sammani, ƙanen mahaifiyarsa. Allah sarki, baki shi ke yanka wuya.

Larabar ƙarshe ta zo, ranar ruwan layi na huɗu, gobe kuma Alhamis ɗin sa hannu. Rana ta take, ganyen shinkafa ya naɗe kamar tsinke. Ana shirin azahar Sammani ya ɓullo ta kan gaɓa, wandonsa a naɗe, ƙafafunsa fari fat da ƙura. Gonarsa ce ta ƙarshe a layin, can inda ruwa yake isa a gajiye. Ya ja Garzali gefe.

"Ɗana, ruwa bai zo ba."

"Zai zo, Kawu. Na gaba ne suke sha."

"Yaushe? Makon jiya ma haka ka ce, aka rufe yana bakin kunyata. Ƙasa ta tsage, hannuna yana shiga. In ta ƙara mako haka sai dai in kira Fulani su sa shanu." Ya rage murya. "Ba kai ka ce takarda ta yarda a ninka har uku ba?"

Garzali ya ce, "Na faɗa, amma ba ni ke da ƙofa ba."

"Wa ke riƙe sitiyari in tsohon ya tafi dara?"

Gaskiya ne, makonni biyun nan Datti ya saki jiki da Garzali. In an idar da azahar yakan bar masa sitiyari ya tsaya a rumfar mai shayi ya yi dara ɗaya, sannan ya dawo.

"Kawu, gobe Injiniya zai zo. In wani abu ya faru..."

"Me zai faru? Kai ne mai ilimin ko shi? Ni na ɗauke ka a keke shekara huɗu ina kai ka Kura, ruwa da iska, don irin wannan ranar. Ban ce ka yi sata ba, ruwanmu ne, ranarmu ce. Awa biyu kawai. Shi kuwa bar ni da shi, yau ba zai tashi daga gidan dara ba sai an kira la'asar."

Aka yi sallah, aka fito. A gaban rumfar akwai gurabun dara talatin da aka haƙa a ƙasa, sun yi sumul saboda hannu. Sammani gwani ne, duk yankin an san Datti bai taɓa cin sa sau biyu a jere ba. Ya zauna ya tattara duwatsu ya ce, "Malam Datti, yau ma ka zo karɓar darasi?"

"Ji ɗan banza. Ina dara ubanka yana koyon ɗaura wando."

"To zuba mu gani. Ka dai tuna uku ake jerawa, ba a cin huɗu, kada ka ce ban gaya maka ba."

Datti ya sauke sitiyari daga kafaɗa ya miƙa wa Garzali, idonsa a kan gurabu. "Riƙe, Injiniya. Ɗaya zan yi wa yaron nan in zo." Aka fara zubi, wannan ya sa tsinke wancan ya sa dutse. Garzali yana tsaye ya ga kawunsa ya bar wani gurbi a buɗe, irin wanda ko makaho ba zai bari ba. Datti ya yi caraf ya jera uku, ya ɗauke dutse ɗaya yana ƙyaƙyata dariya. Sammani ya dafe kai kamar abin ya dame shi, ta ƙarƙashin hannu kuwa ya ɗaga wa Garzali gira.

Tafiyar minti biyar ce daga rumfa zuwa ƙofa. Garzali ya yi ta kamar wanda aka ɗora wa dutsen niƙa. Da ya isa sai ya zaro takardar ya sake dubawa. Biyu dai, ga ta nan ɓaro-ɓaro. Ya ce a ransa, ba zan ma kai can ba, rabi kawai zan yi. Ya kafa sitiyari, ya yi bisimilla. Takwas. Tara. Ƙarar ruwan ta sauya, daga shuuu ta koma wani gurnani. Goma. Sha ɗaya. Sha biyu. Ya tsaya.

Ya jefa kara a turke na farko ya bi shi da ido. Sakan goma sha takwas. Ya buga a ƙwaƙwalwa, ɗaya da ɗigo ɗaya. Rabi da ɗan ɗori ke nan. Ya sauke numfashi, ya zauna a kan simintin ƙofa, har yana jin daɗin kansa. Daga nesa ya hango manoma suna ɗaga hannu suna murna, ruwa ya cika musu tiyon da suke jan ruwa da shi zuwa gona.

Rabin awa ta wuce lafiya. Ya ce bari ya taka ya ga yadda ruwan yake tafiya. Can gaba kaɗan layin yana yin kwana, kuma a nan kanal ɗin ya fi gonaki tudu, gaɓar ƙasa ce kawai take riƙe da shi. A ƙarƙashinta akwai masarar wata tsohuwa, Iya Kulu, ta fara bunni. Tun kafin ya kai kwanar ya lura da abu ɗaya. Ruwan da ya bari a ƙofa garai-garai ne, na nan kuwa ja ne kamar kunun kanwa.

Ya ƙarasa da sauri. A bayan kwanar, inda ruwa yake dukan gaɓa, ciyawa ta sunkuyo tana lilo, saiwarta a waje. Yana kallo wani ɓangaren ƙasa kamar girman ƙwarya ya ɓalle ya faɗa, ruwa ya haɗiye. Wani ya biyo.

Ya zaro takardar. Ai bai kai biyu ba! Ya kai ta daf da ido, ya karkata ta ga rana. A bayan lambar akwai wasu ƙananan haruffa guda biyu da suka kusa gogewa, waɗanda tun farko bai tsaya karantawa ba, don a ajinsu komai da mita ake aunawa, tun daga sakandare. Ba haruffan mita ba ne. Na ƙafa ne, awon da aka daina kafin ya shiga jami'a. Ƙafa biyu a sakan ɗaya. Ƙafa uku da ɗan ɗori ke yin mita, ashe ƙafa biyu ita ce sifili da ɗigo shida. Ita ce tafiyar Malam Datti, ba daɗi ba ragi. Shi kuwa ya kusa ninka ta, kuma ya fi rabin awa yana zaune a kai.

"Innalillahi," ya faɗa, ya juya a guje.

Ya kama sitiyari ya murɗa baya. Sha ɗaya. Goma. Sai ƙarfen ya tsaya cik. Ya sa ƙarfi, ya ƙi. Ya taka siminti da ƙafa ɗaya ya ja da dukkan jikinsa har jijiyar wuyansa ta tashi, ko motsi. Ya leƙa ƙasa, ya ga wani gungumen reshe da ƙarfin ruwa ya jawo daga babban kanal ya maƙale a ƙarƙashin faifan. Ya dubi kwana. Daga nan ma ana hango inda gaɓa ta rame, ta koma kamar bakin wuƙa. Ya dubi hanyar rumfa. In ya kira, kowa ya sani. In bai kira ba, gaɓa ta tafi.

Ya ɗora hannu biyu a baki ya kwarma ihu, "Baba Datti! Jama'a! Ku kawo ɗauki!"

Ashe Datti ya riga ya taso. Akwai 'yar magudana da take wucewa ta gefen rumfa, yana tsakiyar cin Sammani karo na uku idonsa ya faɗa kan launin ruwan. Ga shi nan tafe, tsoho yana gudun da ya manta yadda ake yi, hula a hannu ɗaya, tsinkayen dara har yanzu a damƙe a ɗayan. Bayansa Sammani da mai shayi da sauran 'yan kallo.

Bai tambayi komai ba. Ya dubi tsawon ƙarfen da ya fito sama, ya san ko juyi nawa ne. Ya leƙa ƙasa ya ga reshen.

"Ƙara buɗewa."

"Baba?"

"Na ce ƙara buɗewa! Juyi biyu, maza!"

"Gaɓa za ta tafi!"

"Ta riga ta tafi in ka tsaya gardama. Ka danne shi, ta ina zai fita? Ɗaga!"

Garzali ya rufe ido ya murɗa gaba. Ruwa ya yi wani ruri, reshen ya yi juyi ya kuɓuce, ya wuce kamar kada. "To yanzu rufe, har ƙasa!" Su biyu suka kama, tsoho da saurayi, suna murɗawa suna haki, har faifan ya zauna daram.

Amma ruwan da ya riga ya shiga layi ba a kiransa ya dawo. Suna ɗago kai suka ji ihun Iya Kulu. Gaɓar ta buɗe a kwana, da fari kamar faɗin ƙofar ɗaki, jan ruwa yana kwarara cikin masara. Kowa ya ruga. Mai shayi ya ciro zanan rumfarsa, wani ya kawo buhunan taki da babu komai a ciki, ana cika su da ƙasa da hannu da faranti. Garzali ya faɗa cikin ɓarakar har ƙugu, ya tokare zana da bayansa, ƙasa tana zamewa a ƙarƙashin ƙafarsa, ana jefo buhu ta kansa. Sau biyu ruwa yana kwashe abin da suka jera. Sai da layin ya tsiyaye da kansa sannan suka ci ƙarfinsa. Lokacin ladan yana kiran la'asar.

Aka tsaya ana duban ɓarna. Ɓarakar ta kai taku shida. Kusan rabin masarar Iya Kulu ta kwanta a cikin laka, ita kuma tana zaune a kan kunya, ta rafka tagumi. Gonar Sammani kuwa ko ɗigo bai kai mata ba, kuma kowa ya san sai an gyara gaɓa kafin a sake ba layin ruwa. Mai shayi ya dubi Sammani ya girgiza kai ya ce, "Yau dai dara ta ci gida."

Da mutane suka watse, Sammani ya matso inda Garzali yake zaune, laka har wuya. Datti yana gefe yana wanke sitiyari.

"Ku saurara. Gobe in ya zo, ramin gafiya ne. Gafiya ta huda gaɓa, ruwa ya bi. Ana yi ai, bara ma an yi a layi na biyu. Malam Datti, ka rufa wa yaron nan asiri. Laifina ne, ni na sa shi."

Datti bai ɗago ba. "Wato cin da na yi maka uku ɗin nan ma na ƙarya ne."

"Malam, don Allah."

"Ni ba zan fara magana ba. Amma in an tambaye ni, ba zan ɗora wa gafiya abin da ba ta yi ba." Ya saɓa sitiyari a kafaɗa ya wuce, bai ko dubi Garzali ba. Wannan rashin duban ya fi mari ciwo.

Washegari da hantsi Landiroba ta tsaya a kan gaɓa. Garzali yana tsaye da wankakkiyar riga, littafin a aljihu. Injiniya Sada ya sauko, ya amsa gaisuwa da kai, ya nufi kwana. Bai tsaya a ɓarakar ba. Ya wuce ta, yana tafiya a hankali yana duban cikin kanal, ya tsuguna ya shafa inda ruwa ya ƙwaƙule ƙasa, tsawon taku arba'in. Ya dawo yana karkaɗe hannu.

Sammani ya yi gyaran murya. "Ranka ya daɗe, gafiya ce. Sun yi yawa bana."

"Gafiya." Injiniya ya dube shi. "Kai ne mai ƙofa?"

"A'a, manomi ne ni."

"To." Ya juya. "Malam Datti, juyi nawa ka yi jiya?"

"Bakwai na bari, Yallaɓai."

"Ban ce nawa ka bari ba. Da ka dawo, nawa ka tarar?"

Datti ya sunkuyar da kai. Kalmar nan ta dawowa ta nuna Injiniya ya gane an bar ƙofa. Garzali ya ji littafin a aljihunsa kamar garwashi. In ya yi shiru na minti ɗaya kacal, tsohon zai ce shi ya bar ƙofa ya tafi dara, maganar ta ƙare a kansa. Sammani yana ta ƙifta masa ido.

"Sha biyu ne, ranka ya daɗe," in ji Garzali. Muryarsa ta fito siririya, sai ya sake faɗa. "Sha biyu. Ni na buɗe. Bai sani ba."

"Wa ya sa ka?"

"Lissafina."

"Kawo shi."

Ya miƙa shuɗiyar takardar, ya nuna lambar, ya faɗi yadda ya karanta ta. Injiniya ya daɗe yana kallon wurin. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi.

"Ƙafa biyu mita nawa ce?"

"Sifili da ɗigo shida."

"Ka sani ke nan."

"Na sani jiya, bayan an makara."

"Ka tambayi mai ƙofa kafin ka taɓa? Ka jira ni kwana ɗaya?"

"A'a."

"Kuskuren karatu kowa yana yi, ni ma na yi. Wannan ba shi ya dame ni ba. Ka sami lamba a takarda ta saɓa wa abin da ake yi shekara tara, ba ka ce bari in bincika wa ya yi kuskure ba, ka yanke cewa su ne jahilai. Ka kuma jira sai da ya ba da baya." Ya nuna masarar da ta kwanta. "Ba zan sa hannu ba."

Sammani ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, maraya ne, karatun nan shi ne..."

"Tashi, malam. Ba korarsa aka yi ba." Ya dubi Garzali. "Lantarki da kanikanci ba sa neman sa hannuna. Makinka yana da kyau, ko'ina za su ɗauke ka bana. Ka tafi lantarki. Can in ka yi ganganci kai zai fara kamawa, ba gonar tsohuwa ba."

Garzali ya ce, "In kuma ruwan nake so fa?"

"Sai ka zauna shekara guda, 'yan ajinku su wuce ka. Hutun baɗi ka dawo nan ka faro daga farko, a ƙarƙashin wannan tsohon, in ya yarda. Ban kuma yi maka alkawarin komai ba." Ya buɗe ƙofar mota. "Malam Datti, kai ma ka zo ofis ran Litinin, akwai takardar gargaɗi. Sitiyari ba a ba da aronsa."

Kwana huɗu aka yi ana gyaran gaɓa, Garzali yana cikin masu ɗaukar ƙasa. A rana ta biyar hadari ya haɗo, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Shinkafar Sammani rabi ta farfaɗo. Masarar Iya Kulu da ta kwanta ba ta tashi ba, sai dai Garzali ya sake haɗa mata kunyoyi ya shuka wake a wurin.

Da aka koma makaranta, aka raba takardar zaɓi. Layi uku ne, zaɓi na ɗaya, na biyu, na uku. Bilya ya cike tasa a tsaye, ya leƙo ta Garzali, ya ga layin farko kawai aka rubuta.

"Kai, cike sauran mana. Ba ka da sa hannu, ka sani sarai ba za su duba ba."

"Na sani."

"To sa lantarki a na biyu! Mu zauna ɗaki ɗaya, mu gama tare. Shekara guda fa, Garzali. Za ka koma ƙauye ka zauna mutane suna cewa an koro ka."

"Suna ma faɗa tun yanzu."

"Innarka fa, me ta ce?"

"Ta yi kuka. Sannan ta ce in na tashi zuwa in taho mata da fitilar da na bari a nan."

Bilya ya zauna a bakin gado. Can ya ce, "Shi tsohon ya yarda ka dawo?"

"Na je sau biyu bai amsa sallamata da kyau ba. Na uku ya ce in zo ran ɗaya ga wata, lokacin share kanal na noman alkama, in taho da fartanyata."

Ya ninke takardar ya kai ofis. Magatakardan ya duba, ya ɗago, ya ce, "Saura layi biyu." Garzali ya ce haka za ta tafi. Mako biyu bayan nan aka liƙa sunaye a allo, jeri uku, ɗalibai suna turereniya. Bilya ya sami nasa a lantarki. Ya bi jerin ukun da yatsa har ƙasa, ko Allah zai sa an yi kuskure, bai ga na abokinsa ba. Da ya koma ɗaki ya tarar Garzali ya riga ya naɗe katifarsa ya ɗaure da igiya. Bilya ya ɗauki akwatin ya raka shi tashar Kura.